Charles Cruft

Charles Alfred Cruft (28 ga Yuni, 1852 – 10 ga Satumba, 1938) ɗan kasuwa ne ɗan ƙasar Ingila, wanda ya kafa gasar baje kolin karnuka da ake kira Crufts. Ya fara aiki a matsayin yaron ofis a kamfanin Spratt's mai yin biskit ɗin karnuka, ya hau har ya zama babban manajan kamfanin, daga baya ya koma shirya gasar karnuka da sunan kansa tun daga shekarar 1891 har mutuwarsa. Ba a san shi da kiwon karnuka ba. Gwanintarsa ita ce talla da tara jama'a. A hannunsa ne gasar karnuka ta tashi daga nishaɗin 'yan tsirarun masu hali ta zama taron da mai kare ɗaya tal zai biya kuɗin shiga, ya ja karensa da hannunsa, ya tsaya a fili ɗaya da karnukan gidan sarauta.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Cruft a unguwar Bloomsbury da ke birnin Landan. Mahaifinsa maƙerin fari ne, yana ƙera kayan ado na zinariya. Ya yi karatu a makarantar Ardingly da ke yankin Sussex, sannan ya halarci kwalejin Birkbeck a Landan, wadda aka sani da karatun dare na masu aiki da rana. Ya ɗan taɓa sana'ar gidansu, amma bai zauna a cikinta ba. Tun yana matashi ya nemi aiki a shagon James Spratt da ke Holborn, aka ɗauke shi.

Yadda gasar karnuka take kafin zuwansa

Ga wanda ya tashi a Ƙofar Dawanau ko wata unguwa ta cikin birnin Kano, da aikinsa ake auna kare: ko ya iya gadi, ko yana kamu idan an fita farauta. Gasar da Cruft ya yi suna a kanta ba aiki take dubawa ba, siffa take dubawa. Kowane nau'in kare yana da rubutaccen ma'auni da ya fayyace yadda ya kamata kansa, kunnuwansa, haƙoransa, ƙirjinsa, gashinsa, wutsiyarsa da tafiyarsa su kasance. Alƙali yakan buɗe bakin kare, ya shafa bayansa, ya sa a zagaya da shi, kamar dai yadda dillalin shanu a karar Wudil ke duba sa kafin ya yi masa kuɗi. Karen da ya fi kusa da ma'aunin nau'insa shi ne ya ci.

Gasar da akasari ake ɗauka ita ce ta farko a wannan tsari an yi ta ne a birnin Newcastle a ranakun 28 da 29 ga Yuni, 1859, wato ta buɗe ne ranar da Cruft ya cika shekara bakwai. Karnuka 60 aka kawo, dukansu na farautar tsuntsaye, nau'i biyu kawai: Pointer da Setter. Kyautar da aka bayar bindigogi ne. Tun a wannan rana aka ga matsalar da za ta daɗe tana bin harkar, domin karen da ya ci a ɓangaren Setter na ɗaya daga cikin mutanen da suka yi alƙalancin ɓangaren Pointer ne.

Cikin shekaru goma da suka biyo baya gasa ta yawaita a biranen Ingila, maguɗi ma ya yawaita. Ana rina gashin kare, ana datse shi don ɓoye aibu, ana shigar da kare ɗaya da suna daban-daban a garuruwa daban-daban, ana ƙarya a kan shekarunsa da asalinsa. Don magance wannan ne wani ɗan majalisa mai suna Sewallis Shirley da abokansa suka kafa ƙungiyar Kennel Club a watan Afrilu, 1873. A 1874 ƙungiyar ta fitar da littafin nasabar karnuka na farko, a 1880 kuma ta kawo dokar yi wa sunan kare rajista, ta yadda karnuka biyu ba za su riƙa amsa suna ɗaya a fagen gasa ba. Saboda haka ba Cruft ne ya rubuta dokokin gasar ba. Ya tarar da su, ya yi aiki a ƙarƙashinsu, wani lokaci cikin jituwa da masu dokar, wani lokaci ana harara.

Aiki a kamfanin Spratt's

James Spratt Ba'amurke ne daga jihar Ohio, ya zo Landan wajen 1860 yana sayar da ƙarafan da ake kafawa a kan gini don kare shi daga tsawa. Ana ba da labarin cewa ya ga karnuka a bakin tashar jiragen ruwa suna cin ragowar busasshen biskit na matuƙa, daga nan ya fara haɗa nasa da garin alkama, kayan lambu da nama. Kafin wannan lokaci, abin da ya rage a ɗakin girki shi ake zuba wa kare. Aikin kamfanin shi ne ya shawo kan mutane su yarda cewa kare mai asali yana bukatar abincin saye.

Cruft ya fahimci wannan da wuri. Daga ofis aka mayar da shi wakilin talla mai yawo, yana zaga gidajen gonar attajirai, yana ganawa da masu kula da karnukan farautarsu da masu gadin dazukan da suke farauta a ciki. Ya lura cewa duk wanda ya shigar da karensa gasa ya zama mai sayen biskit, don haka duk sabuwar gasa da duk sabuwar ƙungiyar masu kiwon wani nau'in kare kasuwa ce ga Spratt's. Kamfanin ya shiga ba wa masu shirya gasa hayar benci da shingayen da ake ajiye karnuka, yana ciyar da su, sunansa kuma yana manne a ko'ina cikin zauren.

Aikin ya kai shi ƙasashen Turai. A 1878, yana ɗan shekara 26, masu kiwon karnuka na Faransa suka nemi ya kula da ɓangaren karnuka a babban baje kolin duniya da aka yi a Paris. Wannan ne ya fito da sunansa. Bayan nan ya shirya wa ƙungiyar masu karnuka ta Scotland gasa, ya kuma kula da ɓangaren kaji a baje kolin ƙungiyar manoma ta masarautar Ingila. Ya riƙe muƙamai a ƙungiyoyin masu kiwon wasu nau'o'in karnuka, ciki har da Pug, Schipperke da Borzoi. Duk wannan ya ba shi abin da wani mai shirya gasa ba shi da shi a lokacin: ya san masu karnuka, ya san 'yan jarida, ya san kamfanonin jirgin ƙasa.

Daga gasar Teriya zuwa gasar Cruft

Gasar farko da ya shirya da kansa a Landan ta buɗe ranar 10 ga Maris, 1886, a zauren Royal Aquarium da ke Westminster. Ta karnukan Teriya ce zalla, da azuzuwa 57 da rajista kusan 600. Zaɓin Teriya ba a banza ba ne. Ƙananan karnuka ne masu kama ɓeraye, ba sa cin abinci mai yawa, ba sa bukatar fili, kuma su ne karnukan leburori, masu shaguna da ƙananan ma'aikata. Masu su suna da yawa. A 'yan shekarun da suka biyo baya ya ƙara karnukan kiwo na Collie da ƙananan karnukan cikin ɗaki.

A 1891 ya buɗe ƙofa ga kowane nau'i, ya koma babban zauren Royal Agricultural Hall da ke Islington, ya kuma sa wa gasar sunansa. An sami rajista 2,437 daga nau'o'i 36. Shi da kansa ya tsara tambarin gasar: kan karen Saint Bernard da kambin sarauta a samansa. Babban sa'ar da ya yi a wannan shekara ita ce Sarauniya Victoria ta aiko da karnukanta. Karenta na Collie mai suna Darnley II da wasu 'yan Pomeraniya biyu sun sami kyauta. Ba da daɗewa ba aka kawo karnukan Borzoi daga gidan sarautar Rasha. Da sunayen sarakuna a takardar talla, jaridu suka ɗauka, 'yan kallo suka cika zauren.

Hanyoyinsa na samun kuɗi sun jawo masa suka. Mai kare zai biya kuɗin kowane aji da ya shiga. Da yake kwanaki ake yi ana gasar, idan yana son tafiya da karensa gida da dare sai ya ƙara biya, haka idan yana son ɗauke shi kafin a tashi a ranar ƙarshe. Adadin da Cruft ke shelantawa kuma na rajista ne, ba na karnuka ba. Kare ɗaya da ya shiga aji huɗu an ƙirga shi sau huɗu ke nan. Manyan masu kiwo da yawa sun raina gasar a farkonta, suna ganin yawa take nema ba nagarta ba, kuma sun fi girmama gasar da Kennel Club ke shiryawa da kanta. Sukar tana da tushe. Sai dai abin da suke rainawa, wato yawan azuzuwa da yawan kyaututtuka, shi ne ainihin abin da ya sa mutum mai kare ɗaya ya ga akwai amfanin ya sayi tikitin jirgi ya zo. A 1896 Cruft ya tsara taragun jirgin ƙasa na musamman don ɗauko karnuka daga sassan ƙasar zuwa Landan. Kafin yaƙin duniya na farko gasarsa ta zama mafi girma a duniya.

Azuzuwa da matsayi

Dalilin raba gasa aji-aji shi ne kada sabon shiga ya yi karo da tsohon zakara tun a zagayen farko. Tsarin ya yi ta sauyawa tun zamanin Cruft, amma ginshiƙinsa yana nan. A dokar Kennel Club ta yanzu ana raba karnuka maza da mata. Akwai ajin kwikwiyo, daga wata 6 zuwa 12. Ajin matasa, har wata 18. Ajin tsofaffi, daga shekara 7. Sauran azuzuwan kuma ba shekaru suke bi ba, nasarorin da kare ya riga ya samu suke bi: wanda ya ci sau kaɗan yana da ajinsa, idan nasararsa ta wuce iyaka sai ya haura na gaba, har a kai ga buɗaɗɗen aji wanda kowa ke iya shiga, har da zakaru.

A kowane aji a Birtaniya matsayi biyar ake bayarwa, kowanne da launin katinsa: na ɗaya ja, na biyu shuɗi, na uku ruwan ɗorawa, na huɗu, wanda ake kira na jiran gado, kore, na biyar kuma fari, wanda yabo ne kawai. A Amurka matsayi huɗu ne, kuma launukan biyun farko a juye suke, shuɗi ne na ɗaya, ja na biyu. Wannan ƙaramin bambanci yakan rikita mai kallon hoto da bai san ƙasar da aka ɗauke shi ba.

Waɗanda suka zo na ɗaya a azuzuwansu ba tare da an kayar da su ba sukan sake haɗuwa a fitar da namiji mafi kyau da mace mafi kyau. A manyan gasanni waɗannan biyun ne ake ba takardar shaidar cancantar zama zakara. Idan kare ya tara irin wannan takarda uku daga hannun alƙalai uku daban-daban, ɗaya aƙalla bayan ya wuce wata 12, ana kiran shi zakara. Sharaɗin alƙalai uku shi ne amsar abin da ya faru a Newcastle: kada abota da alƙali ɗaya ta isa. Daga nan namiji da mace su kara a fitar da gwarzon nau'i, gwarazan nau'o'i su kara a rukunoni bakwai, bakwai ɗin da suka fito su tsaya a zagayen ƙarshe.

Wannan zagaye na ƙarshe, na fitar da gwarzon gasa baki ɗaya, bai fara a gasar Cruft ba sai 1928. Wata karya siririya mai gudu daga nau'in Greyhound, mai suna Primley Sceptre, ita ta fara ci. Mai ita shi ne Herbert Whitley, attajirin da ya kafa gidan namun daji na Paignton. A 1932 da 1933 karen Labrador mai suna Bramshaw Bob na Lorna, matar hakimi Howe, ya ci sau biyu a jere. Ita ce mace ta farko da karenta ya kai wannan matsayi. Wanda ya fi kowa shi ne H. S. Lloyd, mai kiwon Cocker Spaniel, wanda karnukansa uku suka ci sau shida: 1930, 1931, 1938, 1939, 1948 da 1950. Kuɗin da ke cikin wannan kyauta kaɗan ne har yau. Ribar tana zuwa ne daga baya, a farashin 'ya'yan karen da kuɗin barbara.

Mai kare da ɗan haya

Doka ta ce kare ake yi wa alƙalanci, ba mutumin da ke riƙe da igiya ba. A aikace kuwa mai riƙon yana da tasiri ƙwarai. Shi zai tsayar da kare yadda kyawunsa zai fito, ya san saurin da ya dace da tafiyarsa, ya kwantar masa da hankali idan baƙon hannu ya taɓa bakinsa, ya kuma san yadda ake juya shi kada raunin ƙafa ko na baya ya faɗa idon alƙali. Karnuka biyu masu kyau ɗaya, wanda ke hannun gwani shi yakan wuce.

A zamanin Cruft masu manyan garkunan karnuka suna da barorin da aikinsu ke nan, wanka da taje gashi da horarwa da kai kare fili. Wasu masu karnukan na nesa ma ba sa zuwa, sai su sa kare a kwando su aika ta jirgin ƙasa, ma'aikatan gasa su fito da shi gaban alƙali. Tsakanin waɗannan biyu ne ɗan sha'awa yake, wanda ba sana'arsa ba ce, ya ɗauki hutun kwana biyu ya zo da karensa. Yawan azuzuwan sababbin shiga da kyaututtukan musamman da Cruft ya riƙa ƙirƙirowa sun ba irin wannan mutum damar komawa gida da kati a hannu. Ko Cruft ya yi haka don adalci ne ko don kuɗin rajista, sakamakon ɗaya ne, kuma har yau akasarin karnukan da ake bajewa a Birtaniya masu su ne ke riƙe su.

A Amurka abin ya bi wata hanya. A can riƙon kare ya zama cikakkiyar sana'a, ƙwararru suna yawo daga gasa zuwa gasa da karnukan mutane ana biyansu, kuma su ne suka fi yawa a cikin masu cin manyan kyaututtuka. Ƙungiyar American Kennel Club, wadda aka kafa a 1884, sai a 2009 ta ware wa 'yan sha'awa ajinsu. Sharuɗɗansa sun haɗa da cewa karen ya kai wata 6 kuma bai zama zakara ba, mai riƙonsa ya kasance mai shi ne a rajista, kuma bai taɓa zama ɗan haya ba, ko mataimakin ɗan haya da ake biya, ko alƙalin gasa. Iyalan gidan wanda ke wannan sana'a ma ba sa shiga. A 2012 ƙungiyar ta ƙara wata gasa ta tara maki a tsawon shekara ga karnukan da masu su ke riƙewa. A Crufts kuwa, tun shekarun 1980 ake yin gasar matasa masu riƙon kare daga ƙasashe daban-daban, inda ake juya dokar: mutum ake aunawa, ba kare ba.

Karnukan Afirka a gasar

Cruft yana son duk abin da zai sa mutane su tsaya kallo, saboda haka ya riƙa ware wuri ga karnukan ƙasashen waje da ba a saba gani ba. Tarihin nau'in Basenji, ƙaramin karen farauta na tsakiyar Afirka wanda ba ya haushi kamar sauran karnuka, ya nuna an fara baje shi a gasar Cruft a 1895 da sunan karnukan dajin Legas. Karnukan ba su daɗe ba cutar distemfa ta kashe su. Wannan cuta ita ce babbar barazana ga duk mai kai kare gasa a lokacin, domin ɗaruruwan karnuka ne ke kwana kusa da juna a zaure ɗaya, rigakafinta kuma bai samu ba sai a shekarun 1920. Mutum kan je neman kati ya dawo da ajalin garkensa.

Sai a 1937, shekara guda kafin mutuwar Cruft, Olivia Burn ta baje Basenjin da ta kawo daga Kwango, suka ja 'yan kallo sosai, nau'in kuma ya kafu a Ingila. A 2001 wani Basenji mai suna Jethard Cidevant ya zama gwarzon Crufts baki ɗaya. Daga yankin Sahel kuma akwai Azawak, dogon karen Abzinawa mai sunan kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, wanda yanzu yake da rubutaccen ma'auninsa a Turai, Amurka kuma ta ba shi cikakkiyar rajista a 2019. Ma'aunin, kamar na Basenji, a wajen Afirka aka rubuta shi.

Gasar kyanwa

A watan Maris, 1894, Cruft ya gwada shirya gasar kyanwoyi a Westminster. An kawo kyanwoyi da yawa, amma 'yan kallo ba su zo yadda ya zata ba, ya yi asara. Ya sake gwadawa a 1895, daga nan ya bari.

Iyali

Ya yi aure sau biyu. Matarsa ta farko, Charlotte, ta haifa masa 'ya'ya huɗu. Ta biyu ita ce Emma Isabel Hartshorn, wadda ba su haihu ba, kuma ta yi aiki tare da shi a harkar gasar. Sun zauna a Highbury Grove da ke arewacin Landan.

Shi da Emma sun daɗe suna barin mutane a kan cewa ba su da kare, kyanwa suke da ita. Dalilin a fili yake: da an san nau'in da mai gasa yake so, duk nasarar da wannan nau'i ya samu sai an ce da hannunsa a ciki, masu sauran nau'o'in kuma su ja baya. Sai a cikin tarihin rayuwarsa da aka buga bayan mutuwarsa aka ga ya amsa cewa ya taɓa mallakar Saint Bernard, wato nau'in da kansa ke kan tambarin gasar tun 1891.

Shekarun ƙarshe da mutuwa

Ba a yi gasar ba daga 1918 zuwa 1920 saboda yaƙi da abin da ya biyo bayansa. Da ta dawo sai ta ci gaba da girma. A 1936 Cruft ya yi bikin cikar shekara 50, yana ƙirgawa daga gasar Teriya ta 1886 ba daga ta 1891 ba. A wannan shekara aka sami rajista 10,650, karo na farko da aka haura dubu goma, ko da yake adadin karnukan kansu ya yi ƙasa da haka sosai. Jaridu sun riƙa kwatanta shi da P. T. Barnum, mashahurin mai shirya wasannin kallo na Amurka.

Ya shirya gasarsa ta ƙarshe a farkon 1938. Ya mutu ranar 10 ga Satumba na wannan shekara sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 86. An binne shi a ɓangaren yamma na maƙabartar Highgate a Landan.

Bayan mutuwarsa

Emma ce ta shirya gasar 1939. Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da komai, a 1942 kuma ta sayar wa Kennel Club da gasar, wato ƙungiyar da manyanta suka taɓa yi mata kallon kasuwar bayan gari. Ƙungiyar ta yi gasarta ta farko da wannan suna a 1948 a zauren Olympia. BBC ta fara nuna ta a talbijin a 1950. A 1974 aka cire 'yar alamar mallaka da ke cikin sunan a rubutun Ingilishi, Cruft's ya koma Crufts. Sunan mutum ya zama sunan abu. Gasar ta koma Earls Court a 1979, sannan ta bar Landan zuwa Birmingham a 1991, shekarar da aka baje karnuka 22,973, adadin da ya shiga littafin Guinness.

Ƙofar da Cruft ya bari a buɗe ga duk mai kuɗin rajista an rage mata faɗi. Tun shekarun 1960, saboda cunkoso, sai kare ya sami matsayi a wata babbar gasa kafin ya cancanci zuwa Crufts. A ɗaya ɓangaren kuma, bayan da Birtaniya ta sassauta dokar killace dabbobin da ake shigowa da su na wata shida a shekarar 2000, karnukan ƙasashen waje sun fara shiga gasar da yawa.

Babbar muhawarar da ta taso daga baya ta shafi ma'aunin siffa kansa. A watan Agusta, 2008, BBC ta nuna wani shirin bincike da ya nuna yadda kiwo don kamanni da haɗa dangi na kusa suka jawo wa wasu nau'o'i ciwon numfashi, na ƙashi da na ƙwaƙwalwa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi da wasu masu ɗaukar nauyi suka janye, BBC ta daina nuna gasar daga 2009. A wannan shekara Kennel Club ta sake duba ma'aunan nau'o'i, ta daina yi wa 'yan kwikwiyon da aka samu daga haɗa uwa da ɗa, uba da 'ya, ko wa da ƙanwa rajista. A 2012 ta fara sa likitan dabbobi ya duba gwarazan nau'o'i 15 da aka fi damuwa da lafiyarsu kafin su wuce zagaye na gaba, kuma a gasar wannan shekara an hana wasu daga cikinsu wucewa bayan alƙalai sun riga sun zaɓe su.